Ɗan Fansho da Arahar Ƙauye

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan masaƙa. Da asuba ya kwaso su daga unguwanninsu, da yamma ya mayar da su, har ta kai ya san ramukan titin birnin kamar yadda ya san giɓin bakinsa. A can kowa Direba yake ce masa. Ranar da aka sallame shi aka yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango da fankar tebur. Ya dawo gida ya ajiye su a kan kujera, ya ce wa matarsa, "Maman Auta, ni da sitiyari mun yi hannun riga. Ƙauye za mu koma."

Ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi. "Wane ƙauyen? Kai da aka haifa a bayan tashar mota?"

"Ƙauye dai. Inda mutum zai miƙe ƙafa daidai fanshonsa."

Ba daga sama maganar ta faɗo masa ba. Mai gidan da suke haya ya ƙara kuɗi bara, ya kuma aiko cewa bana ma a shirya. Ga wani maigadi a masaƙar da kullum yake cika masa kunne da labarin garinsu. A can, in ji shi, kuɗi tsatsa suke yi a aljihu don ba su da aikin yi. Ƙwai a bayan ɗaki ake tsinta, itace a bakin hanya, ruwa kuwa na Allah ne. Maigadin nan yana da gidan gado a can da ba mai zama, yana kuma neman kai da shi. Direba bai tsaya tambayar abin da ya hana shi kansa maigadin komawa ba. Ya sayi gidan da kuɗin sallamarsa, da ragowar ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa huɗu.

"Ba kai ka ce kun rabu da sitiyari ba?" in ji Maman Auta.

"Wannan ai ba tuƙi ba ne. In je in karɓo fansho in dawo, shi ke nan."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, malamar makaranta ce a birnin. Ta yi magana har ta gaji, yayyenta suka bugo waya suka yi tasu, duk ta bayan kunne ta bi. Maman Auta ta naɗe tukwanenta a tsofaffin zannuwa tana ƙunƙuni, ta shiga gaban mota tana kallon taga har suka bar kwalta.

Gidan ɗaki biyu ne da rumfa, rufin kwano, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida, ga ɗan fili a baya. Akwai turakun lantarki har ƙofar gida, da waya da komai, wutar ce kawai ba wanda ya san ranar zuwanta, don haka fankar ta ci gaba da zama a kwalinta. Ba su gama sauke kaya ba wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo, maƙwabciyarsu ta dama, ta shigo da ƙwai a kwano. Maƙwabcin hagu, wani dogon dattijo mai rijiya a gidansa da shanun noma biyu, ya turo jarkokin ruwa a amalanke, ya sauke su da kansa. Direba ya sa hannu a aljihu. Mai Rijiya ya ja da baya sai ka ce an nuna masa maciji.

"Haba, Ɗan Fansho! Ruwa ne fa."

Tun daga ranar sunan ya bi shi, ba wanda ya ƙara ce masa Direba. Kwana biyu kuwa kaya suka yi ta shigowa: itace, madara, kabewa, masara ɗanya. Wasu ma bai san daga gidan da suka fito ba. Ya zauna a ƙarƙashin mangwaro ya miƙe ƙafa, ya ce, "Maman Auta, kin gani ko? Ko sisi ban kashe ba."

"Na gani," ta ce. "Kowa ya ci ladan kuturu dai..." Ba ta ƙarasa ba, ta shige ɗaki.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shago ne. Shago ɗaya ne a garin, sukari da sabulu da batir duk sun fi na birni tsada. Da ya yi magana, Mai Shago ya yi murmushi ya ce, "Ai su ma kuɗin mota suka biya kafin su iso nan." To, wannan ya gane. Amma tumatir fa? Garin kewaye yake da gonakin tumatir, ja wur, har bakin rafi. Ya je zai saya aka ce babu. Ya nuna gonar da hannu, aka ce wannan ai tun yana fure 'yan birni suka saye, manyan motoci za su zo ɗauka. Ranar da ya je babban garin da ke kusa da su karɓar fansho, a can ya sayo tumatirin, a cikin irin kwandunan da aka ɗora a gaban idonsa, da tsadar da ko a birni bai taɓa saya ba. Ya dawo da shi a bayan mota, ya wuce ta gefen gonar da aka tsinke shi, yana ta juya abin a ransa bai ga kansa ba.

Sauran ma haka. In zai kira Auta sai ya hau tudun bayan makaranta kafin waya ta kama. In cajin ya ƙare sai ya kai wa Mai Shago mai janareta, ya biya. Maganin hawan jininsa, wanda a birni kantin yana ƙofar gidansu, a nan sai an yi tafiya ta musamman. Abin da ba ya buƙata yana zuwa masa kyauta har ya rasa wurin ajiyewa, abin da yake buƙata kuwa sai ya biya kuɗinsa ya biya na hanyarsa.

Sai kuma motar. Ita kaɗai ce a garin.

Wata safiya Mai Rijiya ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi uwargida, sannan ya ce surukarsa ta faɗi ta karye a hannu. Ɗan Fansho bai jira ƙarshen maganar ba ya ɗauko makulli. Ya kai su asibiti, ya jira, ya dawo da su. Ba a yi maganar kuɗi ba. Washegari ya tarar da kaza ɗaure a jikin mangwaro.

Bayan wannan sai ƙofa ta buɗe. Mai naƙuda, mai ciwon haƙori, ɗaliban da za su rubuta jarrabawa, mai buhun masara da zai kai injin niƙa, mai zuwa gaisuwar rasuwa a garin da ke bayan dutse. Ba mai cewa kai ni. Sai dai a zo a gaishe shi, a zauna, a ba shi labarin matsalar, a yi shiru ana kallon ƙasa. Shi kuwa bai taɓa iya barin fasinja a tsaye ba. Kafin damina ta kankama, kaji sun cika tsakar gida, ga akuya mai ciki da ta cinye masa rabin tabarma, ga kabewa jibge har ƙarƙashin gado. Fansho kuwa ba ya kai tsakiyar wata. A gidan mai ba a karɓar kaza. Bakanike ma da ya canja masa ƙafar mota da hanyar ta cinye, bai nemi kabewa ba.

"Ni ban gane ba," ya ce wa matarsa wata rana, yana tsaye a tsakiyar kajin. "Arziki muke yi ko tsiya? Ban taɓa mallakar dabba ba sai yanzu, ban kuma taɓa rasa na sabulu ba sai yanzu."

"Ka sayar da kajin mana."

"Wa zan sayar wa? Mutanen da suka ba ni?"

Ta yi dariya, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya lura ta daina ƙunƙuni. Ta shuka wake a filin baya, ta san sunan jikokin Goggo, in ya fita da mota ma ba ta tambayar yaushe zai dawo.

Ya yi ta saƙawa da kwancewa, daga ƙarshe ya yanke shawara. Da yamma ya je gindin bishiyar ƙofar shago inda dattawa ke zama, ya yi gyaran murya, ya ce daga yau duk mai son mota zai kawo kuɗin mai, don shi ma ba haƙo shi yake yi ba. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa gori. Ba ko ɗaya.

"Gaskiya ne," in ji Mai Rijiya. "Mai ai ba ruwan sama ba ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Wani ma ya ce ai da tuni ya faɗa. Ya koma gida da sauƙin zuciya, yana cewa ashe magana ce kawai ba a yi ba.

Da safe Mai Rijiya ya kawo ruwa kamar kullum, ya sauke jarkokin, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana goge hannu a riga.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Jiya ne muka zauna bayan tafiyarka, muka ga ashe mun takura ka. Ku mutanen birni kun fi son a yi komai a fili, kyauta nauyi take yi muku. Shi ne muka ce a bi ka yadda ka saba." Ya faɗi kuɗin ruwan.

Ɗan Fansho ya yi turus. Ya leƙa fuskar mutumin yana neman alamar fushi ko ta ramuwa, bai ga komai ba sai ladabi. Ya biya. Kafin rana ta yi tsaka, itace ya samu farashi, madara ta samu farashi. Gaisuwa ma ta ƙaru: yanzu har rusuna masa ake yi, ana ce masa ranka ya daɗe, kamar wani baƙon da ya zo duba aiki. Ya kasa gane hukunci ne aka yi masa ko karramawa.

"Ka mayar da mu baƙi," in ji Maman Auta.

"Da can mu mene ne?"

"Mun fara zama mutane."

Abin bai tsaya nan ba. Da a ce kowa ya koma ciniki, da ya san inda ya dosa. Amma Goggo sai ta sayar masa da ƙwai a ƙofar gida, sannan ta miƙo wa matarsa wasu ta saman katanga ba ko sisi. Wani magidanci ya biya kuɗin kai matarsa haihuwa, da yamma Maman Auta ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta kai wa mai jegon, ta haɗa da sabulu. Sukarin gidan yana ƙarewa da wuri, in ya tambaya ta ce ya tafi inda madara take fitowa. Wasu su kawo kuɗin mai cif, wasu su kawo rabi su cika da zabo, wasu su zo su zauna su yi shiru irin na da, kamar ba a taɓa yin magana ba. Gida ɗaya, kasuwa biyu. In aka yi sallama yanzu, kafin ya amsa sai ya tsaya tunani, don bai san da wace fuska aka zo ba, bai kuma san da wacce zai fita ba.

A cikin wannan ruɗanin ya fara raba ƙwayar maganinsa biyu da wuƙa, don ta kai shi har ranar fansho. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Ya buɗe gaban mota zai duba baƙin mai, ya sunkuya, sai ya ga ƙasa ta taso ta tarye shi. Da ya farfaɗo yana kwance a gefen taya, kansa kamar ana sara da gatari, harshensa ya yi nauyi, Maman Auta tana ihu. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Wani ya ruga tudun bayan makaranta da waya, ya dawo ya ce ba ta kama ba. Mai Shago ya kawo babur, aka ɗaga Ɗan Fansho zai zauna, ya sulale. Ga mota a tsaye, da mai a cikinta, da makulli a jiki, amma duk garin ba wanda ya iya tuƙi sai wanda ke kwance.

Mai Rijiya ya fita. Can sai ga shi da shanunsa biyu a karkiya, da igiya mai kauri a kafaɗa. Ya durƙusa a laka ya ɗaura ta a ƙarƙashin motar. Aka kwantar da Ɗan Fansho a kujerar baya, Goggo ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta.

"To, wa zai riƙe mata kai?" in ji Mai Rijiya.

Maza suka dubi juna. Wannan ya ce idonsa ba ya gani sosai, wancan ya ce shi ko keke bai taɓa hawa ba. Maman Auta ta cire silifas ɗinta, ta gyara ɗaurin zane, ta shiga mazaunin direba.

"Ke!" in ji Ɗan Fansho da ƙyar. "Me za ki yi?"

"Shekara nawa ina shan labarin sitiyarin nan a kunnena? Ka faɗa mini kawai."

Ya rufe ido. "Murɗa makulli kaɗan. Kaɗan na ce, kada ki tayar da ita. Ki cire ta daga giya, ki girgiza sandar ki ji tana lilo. Birki shi ne na tsakiya."

"Na tsakiyar me?"

"Na ƙafa, Maman Auta, na ƙafa!"

Mai Rijiya ya yi wa shanu tsawa, igiya ta miƙe, mota ta motsa. Daga inda yake kwance Ɗan Fansho ba ya ganin hanya. Sama kawai yake gani ta taga, da kan bishiyoyi suna wucewa a hankali, da ɗankwalin matarsa, da ƙahonin shanu suna hawa suna sauka. Shi da ya yi rayuwarsa yana kai mutane inda za su, yau an ɗauko shi a motarsa bai san inda aka kai ba. Yana jin numfashin mutane a bayan motar suna turawa in ta kafe, yana jin muryoyi, wasu ya san su, wasu bai sani ba. Wani tunani ya yi ta kai-komo a kansa mai ciwo: wannan kuma na wace kasuwar ne? Shanun haya ne? Masu turawar fa? Ya ga kamar ya kamata ya tambaya tun yanzu, amma harshensa ya ƙi.

A gangaren rafi motar ta fi shanun sauri. Igiya ta saki, gaban motar ya doshi ƙafafunsu.

"Birki!" ya yi ƙara.

"Ina takawa!"

"Wannan totur ne! Na tsakiya!"

Ta haɗa ƙafa biyu ta danna da duk ƙarfinta. Motar ta tsaya cak, Goggo ta dungura ta buga goshi a kujerar gaba, ta yi salati, ta ce, "Yarinyar nan za ta kashe mu kafin ciwon ya kashe shi." Mutanen waje suka fashe da dariya, har Mai Rijiya. Maman Auta ba ta yi ba. Ta cikin madubi ya hango fuskarta, gumi da hawaye sun haɗu, hannuwanta sun ƙanƙame sitiyari kamar za ta karya shi.

Rana ta ɗaga sosai kafin su kai kwalta. Mai Rijiya ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu, wata babbar mota ta tsaya. Direbanta ya leƙo, ya ga shanu, ya ga mota, ya ga mace a sitiyari ba takalmi, bai tambayi komai ba. Ya ajiye tasa a gefe, ya shiga tasu ya ja su zuwa asibiti.

Likita ya ce saura ƙiris. Da ya ji labarin raba ƙwaya, ya cire tabarau ya dube shi. "Baba, wa ya ce maka ana yanka magani kamar burodi?" Ya kuma hana shi doguwar tafiya a sitiyari sai yadda hali ya yi.

Auta ta iso a ranar da yamma, idonta ja. Ta zauna a bakin gado, ta bari ya sha ruwa, sannan ta fara.

"Baba, don araha ka tafi. To, ka faɗa mini tsakani da Allah, akwai arahar ko babu?"

Ya buɗe baki. "Akwai. Wato... ƙwai dai, in ta katanga ne, kyauta ne. In ta ƙofa ne, da kuɗi. Ruwa da can kyauta ne, ni na sa masa kuɗi, amma ba ni na faɗa ba. Tumatir kuma na garin ne, amma sai an je wani gari."

Auta ta dubi uwarta. "Mama, ciwon ya taɓa kansa ne?"

"Ƙalau yake. Haka abin yake."

"To ni dai na gaji. Ku dawo. Akwai ɗaki a wurina, kantin magani yana ƙasan bene."

Ɗan Fansho ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya tuna birni, inda komai da farashinsa a goshi, ka biya ka wuce, ba wanda zai ɗaure maka kaza a bishiya. "To," ya ce. "Mu koma ɗin."

"Ka koma kai da wa?" in ji Maman Auta.

Ya juyo da kai a hankali. "Ke da kika zo kina ƙunƙuni?"

"Na zo ina yi, na daina. Wakena ya fara fure. Kuma a gidan hayar can, da ka faɗi a tsakar gida, wa zai fito? Mai gida zai leƙo ya tambayi kuɗin wata." Ta juya ga 'yarta. "Ke dai ki riƙa aiko masa da maganin, ki daina aiko mana da atamfa."

Aka yi ta ja har aka sallame shi, ba a cimma komai ba. Auta ta saya masa magani mai yawa, ta samo wanda zai tuƙa musu motar, ta raka su har gida, ta kwana, ta hau tudun bayan makaranta ta yi waya tana tsaki, ta koma da kaji biyu a kwali.

Sun tarar an yi wa waken noma, an toshe inda kwanon ɗaki ke yoyo, akuyar ta haihu. Ba wanda ya ce shi ya yi. Da ƙafarsa ta yi ƙwari, Ɗan Fansho ya dogara sanda ya shiga gidan Mai Rijiya, ya same shi yana ba shanu harawa. Bayan gaisuwa ya ce, "Na zo ne kan aikin da shanun nan suka yi. Nawa ne?"

Mai Rijiya ya dubi shanun, ya dube shi. "Ba su faɗa mini ba."

"Don Allah ka bar wasa."

"Wane wasa? Mutum yana kwance a ƙasa, a yi maganar nawa? Kada ka ƙara, Ɗan Fansho, raina zai ɓaci." Ya zuba sauran harawar, ya karkaɗe hannu. "Sai dai na ruwan jiya da na yau, in yana kusa."

Ɗan Fansho ya yi sororo. "Ka ja ni da shanu har kwalta kyauta, amma jarkar ruwa da kuɗi?"

"Ai kai ka ce."

"Ni maganar mai na yi!"

"To, ai duk ɗaya ne."

"In na janye fa?"

"Magana zarar bunu ce," in ji Mai Rijiya, yana murmushi. Ya karɓi kuɗin ruwan, ya raka shi har ƙofa, ya cusa masa gwanda biyu a hannu. Washegari ya kawo ruwa ya sauke ya tafi bai tsaya ba. Ranar da ta biyo baya kuma ya tsaya jiran kuɗinsa.

A makon ne Maman Auta ta ajiye masa shayi, ta ajiye makullin mota a gefen kofin.

"Koya mini za ka yi. Likita ya hana ka, mutane kuma ba su daina ciwo ba. Kai ma ba ka daina ba."

"A shekarunki?"

"Da shanu ma na kai ka."

Suka fara a filin makaranta bayan an tashi. Rabin garin ya zo kallo, mata a gefe guda suna ba ta ƙarfi, maza a gindin bishiya suna ba da shawarar abin da ba su sani ba. Motar ta yi ta tsalle tana mutuwa. Shi kuwa yana gefenta yana dafe da kai, yana jin kowane ɗigon mai da ke ƙonewa a banza kamar daga jikinsa ake zuƙa. Sannu a hankali ta fara zagaya filin ba tare da ta mutu ba. Ranar da ta ce ita za ta mayar da su gida, ya yarda, don mutane na kallo.

Ta fito daga filin lafiya, ta wuce shago lafiya. A kwanar gidansu ya ce ta karya dama, ta karya, amma ta manta ta dawo da sitiyarin. Motar ta bi ta cikin shingen lambun Goggo, ta kwantar da shi, ta tsaya a tsakiyar kunyoyin shuka ta mutu.

Goggo ta fito tana ɗingishi. Ta dubi shingen, ta dubi motar. Ɗan Fansho ya fito daga motar.

"Goggo, a yi haƙuri. Ki faɗi abin da... wato in na biya ne, ko kuwa in..."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta leƙa ta taga ta ce wa Maman Auta, "Ke, ja da baya, kin hau mini barkono. Gobe da safe ki kai ni asibiti, gwiwar nan ta hana ni sakat."

"To, Goggo."

"Ba ta iya ba tukuna!" in ji shi.

"Kai me za ka zauna yi a gida? Ka shiga gefe ka riƙa yi mata ihun."

Haka aka yi. Da safe suka fito, Maman Auta a sitiyari ba takalmi, shi a gefenta, Goggo a baya. Kafin su fita gari wata mata mai goyo ta ɗaga hannu, Maman Auta ta tsaya mata ba ta ko tambaye shi ba. Gaba kaɗan wani tsoho da buhu ya shiga. Motar tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa, har wani mai keke ya wuce su yana gaisuwa. Ɗan Fansho ya saci kallon allurar mai, ya waiwaya ya dubi fasinjojin, ya buɗe baki zai yi magana, ya rasa wa zai yi wa, ya rufe. Da suka doshi gangaren rafi ya ga ƙafarsa tana danna ƙasan motar ita kaɗai, inda babu birki.

"Ka daina tattaka mini mota," in ji Maman Auta, ta sauka gangaren a hankali.